Kabejin Uwar Okhi

Zuwa ga 'yata Okhi, a Inchon.

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki da yaran nan biyu da ba sa gaishe da mutum sai an zungure su. Nan ma lafiya. An gama yankan shinkafa, iskar teku ta fara cizo, bayana yana nan yadda kika san shi.

Takardarki ta zo, na karanta ta da kaina. A hankali dai, don kin san ban taɓa zaman aji ba, baƙaƙen da na sani uwarki ce ta koya mini da tsinken cin abinci a kan toka, bayan na yi furfura. Duk kewaye-kewayen da kika yi na gane. Kun share mini ɗaki a benenku. To ku mayar da tarkacen da kuka kwashe. Ni Bong Mangu ba zan zauna a sama kamar tsuntsu ba, in riƙa leƙen motoci ta taga ina jiran a kira ni cin abinci. A gidan nan aka yanke mini cibi.

Kin kuma tambaya me ya sa na daina zuwa coci, kamar ba ki wurin. Ranar da muka binne uwarki a kan tudu, na zuba giyar shinkafa a ƙoƙo zan kwara mata a kan kabari, in durƙusa in sa goshi a ƙasa, yadda ubana ya yi wa uwata, yadda kakana ya yi wa tasa matar. Maƙwabcinmu Pyo, dattijon coci, ya damƙe mini wuyan hannu a gaban gari duka, wai Kirista ba ya rusuna wa matacce. Giyar ta zube a kan takalmina. Ba bauta mata zan yi ba, Okhi. Sallama ce. Ni ban iya dogayen addu'o'in nan nasu ba, abin da na iya ke nan, shi ma aka ƙwace. Kuma a cikin mutanen da ke tsaye babu wanda ya ce uffan. Tun muna yara muke kamun kaguwa da Pyo a bakin ruwa, ni na fi shi iyawa, yanzu don an ba shi kujera a gaban majami'a shi zai koya mini yadda zan yi bankwana da matata.

Ba wannan kaɗai ba. Sabon faston da suka kawo daga Seoul bai kai ki shekaru ba, yana magana kamar rediyo. Wurin zamana na kusa da murhu sun ɗora abin kiɗa a kai. Bishiyar kanyar Pyo tana zubo mini ruɓaɓɓun 'ya'ya ta kan katanga, ni ke sharewa. Matan zumuntar coci sun zo da miya sau da yawa, ban buɗe ƙofa ba. Addu'ata ina yi a ɗakina. Allah ba kurma ba ne, ni ne kurma.

Kada ki damu da abin da zan ci da sanyi. Na shuka kabeji yadda uwarki ke shukawa, gonar bayan gida duka, kuma ya yi kai kamar kan jarirai. Kimcin hunturu, kabejin nan da muke jiƙawa da yaji a randa, ni zan yi shi da hannuna, ba gayya, ba mata cike da tsakar gida suna surutu. Shekara da shekaru ina ganin ana yi. Gishiri ne da barkono, ba karatun likita ba. In kika ga randunan a cike za ki san ubanki bai gaza ba.

Ki gaishe da mijinki in kin ga dama.

Mahaifinki,
Bong Mangu

*

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa.

Baba, ina gaishe ka da ladabi. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara maka lafiya a wannan canjin iska. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, kuma ba a zungure su ba.

Baba, ban manta da abin da ya faru a kan tudu ba. Ni ma ya yi mini zafi. Amma ba maganar Dattijo ce ke hana ni barci ba. Ka ji labarin tsohon nan na ƙauyen da ke bayan dutse? Hayaƙin gawayin da ke ɗumama ɗaki ya shiga masa cikin barci. Ba wanda ya sani sai da aka lura bututun gidansa ya daɗe bai yi hayaƙi ba. Kai ba ka jin waya in ta yi ƙara, ba ka buɗe wa kowa ƙofa. In ka faɗi a tsakar gida, wa zai sani?

Na yi magana da mijina, ga abin da muka tsayar, ka gafarce ni. Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka zai zo da mota ya ɗauko ka. Da a ce akwai mai tura ƙofarka da safe ya ga ka tashi, da na haƙura ka zauna a gidanka har ƙarshen ranka, don na san a can ranka yake. Randa cike ba ta kiran likita, Baba.

Ka tuna abin da Mama kan ce maka in ka yi fushi ka tafi gona ba ka ci abinci ba? Takan ce, Ubangiji ma da ya halicce ka Uba ne da Ɗa da Ruhu, cikin zumunci yake tun kafin a yi duniya, kuma a kamanninsa aka yi ka, to kai wa ka gado da za ka zauna kai kaɗai? Kakan ce mata ta rufe baki, amma kakan dawo.

Ka riƙa buɗe taga kaɗan in za ka kwanta.

'Yarka mai biyayya,
Okhi

*

Zuwa ga Baban Okhi, maƙwabci.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, tunda in na gaishe ka da baki kana juya mini ƙeya. Na ɗaure takardar nan a jikin dutse zan jefo ta kan katanga. In ta same ka a kai, ka yi haƙuri, ba da gangan ba ne sosai.

Raɓa ta fara daskarewa, lokacin kimci ya yi. Zumuntar mata ta tsara zagayen gayya kamar kullum, gida bayan gida. Uwar Okhi ce ke buɗe mana zagaye kowace shekara, don kabejinta ke fara yin kai. Bana mata sun ce in tambaye ka, mu fara da gidanka ko mu tsallake? Na ce musu zan tambayi icen da ke tafiya da ƙafa biyu.

Na hango ka ta kan katanga kana wanke randuna. Wankin da ka yi musu, ko kare ba zai sha ruwa a ciki ba.

Maganar mijina kuwa, ba zan shiga ba. Kai da shi duk kanku tuwon dutse ne, na gaji da ɗaya balle biyu. Abin da na sani shi ne tun da ka daina zuwa, in yana zagayawa da gurasar jibin Ubangiji a coci yakan tsaya a wurin da kake zama, sannan ya wuce. Gurasa ɗaya ake gutsurawa, Baban Okhi. Ba a aika wa mutum nasa ta kan katanga.

Ka ba ni amsa kafin kasuwa ta ci.

Maƙwabciyarka,
'Yar Jindo, matar Dattijo Pyo

*

Zuwa ga 'Yar Jindo.

Na amsa gaisuwa. Dutsenki ya fasa mini murfin randa, ga gutsuren na haɗo miki da shi.

Ku tsallake. Gidana ba ya bukatar gayya. Ki ce wa mijinki ya sare reshen da ya ƙetaro.

Ki huta lafiya.

Bong Mangu

*

Zuwa ga 'Yar Jindo.

Ina kwana. Wannan ba roƙo ba ne, tambaya ce.

In mutum ya sare kabejinsa duka rana ɗaya, ya tsaga, ya zuba masa gishiri tun shekaranjiya, har yaushe zai iya barinsa a ruwan gishirin bai lalace ba? Kuma in mutumin bayansa ya riƙe ba ya iya sunkuyawa, akwai dabarar ɗauraye shi a tsaye?

Ba sai kin zo ba. Ki rubuto kawai.

Bong Mangu

*

Zuwa ga 'yata Okhi.

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni ina kwance rabi, zaune rabi. Zan ba ki labari da kaina kafin 'Yar Jindo ta ba ki nata, don nata zai fi nawa tsawo kuma ni zan fito wawa a ciki.

Na sare kabejin duka, na tsaga, na jera a manyan robobin nan da tsohon kwale-kwalen da uwarki ke jiƙawa a ciki, na zuba gishiri. Da na ga tsibin sai na ƙara gishiri. Washegari na sunkuya zan juya na ƙasa ya dawo sama, sai wani abu ya ce ƙas a bayana. Da rarrafe na shiga ɗaki. Ina kwance ina jin warin ruwan gishiri ta ƙofa, na san aikin damina guda yana can yana narkewa. Ashe kabeji ba ya jira. Wannan ba wanda ya taɓa gaya mini, don ni aikina a ranar kimci haƙa ramin randa ne da cin nama.

Sai na jefa wa 'Yar Jindo tambaya ta kan katanga. Tambaya na ce. Ko shayi bai huce ba na ji ƙofar gida ta buɗe da ƙafa.

Ta tsaya a kan kwale-kwalen ta ɗaga ganye ɗaya, ya langaɓe kamar tsumma. Ta ɗanɗana ta tofar.

Ta ce, "Baban Okhi, teku ce ta yi maka ƙaranci kake son ƙara wata?"

Na ce daga ɗaki, "Cewa na yi ki rubuto."

Ta ce, "Na rubuto. Ga amsar nan tafe da robobi a ka."

Kafin in sami sandata tsakar gida ta cika. Matan zumunta, kowace da wuƙarta da safar hannu ta roba, wata da tafarnuwa, wata da jatan lande mai gishiri, wata da buhun barkono don ta san nawa ba zai isa ba. Suka jera a bakin rijiya suna ɗauraya, su jiƙa, su sake ɗauraya, suna zagina kamar ba na wurin. Ɗaya daga cikinsu, Uwar Yongdal, ta ce da uwarki ta ga wannan ta'asa da ta taso daga tudu. Wata ta ce a'a, ta huta, ta yi shekaru tana ɗauraye gishirin mutumin nan. Suka yi dariya. Na yi kamar kurumtata ta ƙaru.

Faston nan ma ya zo. Suka sa masa safar hannu mai ruwan hoda, suka ba shi yankan albasa, yana hawaye suna ce masa, "Fasto, wa'azin bai kai nan ba tukuna." Yaron bai iya riƙe wuƙa ba amma bai gudu ba, wannan zan ba shi.

Aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa ina kallo. Da rana ta yi tsaka an haɗa jan yaji, an fara cusa shi tsakanin ganye, ana naɗewa ana dannawa a randa. Randunana suka cika, ga kabeji ko rabi ba a ci ba. Sai na ga sun jawo wasu robobi masu murfi suna cikawa, suna jerawa a bakin ƙofar waje. Abin ya fi ƙarfina.

Na ce, "Ina za ku da kimcina?"

Duk suka tsaya, hannu ja wur. 'Yar Jindo ta dube ni.

Ta ce, "Kai tsaya. Da gaske kake? Kana nufin duk shekarun nan ka ɗauka kai da matarka ku biyu kuke cinye gona guda?"

Okhi, haka na ɗauka. Ko in ce ban taɓa tunani ba. Kowace shekara ina yi mata faɗa ta cika shuka, ta ce mini in haƙa ramina in bar ta da lissafinta. In an gama cika namu ni na riga na ci nama na sha na kwanta. Ban taɓa ganin inda sauran ke tafiya ba.

'Yar Jindo ta nuna robobin da haɓa. Wannan na tsohuwa Sol ce, makauniyar da ke bayan injin niƙa. Wannan na Gwangsik ne, wanda igiyar jirgi ta cinye wa hannu, shi da 'ya'yansa. Wannan na ɗakin girkin coci ne, wanda ni kaina nake ci ranar Lahadi ina cewa bai kai na matata ba. Bana ba wanda ya shuka musu, don kowa ya ga gonar ta yi kore kamar kullum, aka ɗauka na sani. Da na ce a tsallake gidana, sai aka rasa mai zuwa ya tambaye ni. Tsohuwa Sol har ta ce a bar ni, mai makoki ba a yi masa bara.

Uwar Yongdal ta naɗe dafaffen naman alade a ganye mai yaji ta tura mini a baki da hannunta, yadda ake yi, ta ce, "Ci, bakin ya sami aikin yi."

Ba su kaɗai suka zo ba. Ina jin ƙarar shebur a bayan gida tun safe ban tambaya ba, don na gane mai haƙan da tarinsa. Na dogara sanda na zagaya. Pyo ne a cikin rami har gwiwa, yana haƙa wurin binne randuna, ya cire rigar dattijon ya rataye a reshe. Bai ɗago ba. Na tsaya, ya ci gaba da haƙa.

Can ya ce, "Mangu, ko gobe ka ɗauki ƙoƙon nan zan hana ka."

Na ce, "Na sani."

Ya watsar da ƙasa, ya ce, "Amma da na bari mutane sun sauka daga tudu tukuna. Kuma da baki ake hana aboki, ba da hannu ba."

Na duba ramin na ce, "Ya karkace. Randa za ta jingina."

Ya ce, "To sauko ka gyara, gwani."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Ban yafe masa ba, ki sani. Na dai nuna masa inda zai ƙara sara.

Da yamma na ce sai na ga inda kayana za su. Aka ɗora ni a bayan amalanken Gwangsik tare da robobi kamar ni ma kabeji ne. Tsohuwa Sol na zaune a bakin ɗakinta. Ta buɗe murfi ta shinshina, ta yagi ganye ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Gishiri ya yi yawa. Hannun wa ne?"

Aka ce mata na Baban Okhi ne.

Ta miƙo hannu tana lalube har ta kama hannun rigata. Ta ce ta riga ta shirya yin hunturu da shinkafa da ruwan waken soya. Sannan ta ce, "Ka san abin da matarka kan ce in mata sun yi faɗa a zumunta? Takan ce ikkilisiya randa ce. A matse ake, ga yaji, kowa na shan ruwan ɗan'uwansa ko yana so ko ba ya so, a haka ake nuna. Ganyen da ya faɗo gefe shi kaɗai, shi ba ya nuna, ruɓewa yake." Ta sake ni ta ce, "Randata a waje take, sanyi zai fasa ta. Matarka kan turo wani ya binne mini. Bana wa zai zo?"

Ashe wanin nan da ake turowa Pyo ne, kuma ramukansa duk a karkace suke. Na ce mata in bayana ya sake ni zan duba.

Hannuna ya gaji. Ina buɗe taga kamar yadda kika ce, ba don kin ce ba, don warin tafarnuwa.

Mahaifinki,
Bong Mangu

*

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa.

Baba, ina gaishe ka da ladabi, ya baya? Na karanta takardarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ni ma ban san inda Mama ke kai kabejin ba, na ɗauka sayarwa take.

Rediyo ya ce ƙanƙara na dab da sauka a kudu. Mijina ya nemi izini a wurin aiki. Ɗakin yana nan, na sa sabon bargo. Amma ba na son in ɗauko ka da ƙarfi, kuma ba na son rana ɗaya ta gayya ta ruɗe ni, an watse an bar ka da ƙofa a kulle. Ka gaya mini gaskiya, Baba. Ya zo ko kada ya zo?

'Yarka mai biyayya,
Okhi

*

Okhi,

Ina gaishe ku. Ƙanƙara ta sauka jiya, 'yar kaɗan.

Kada ya zo, ba zai same ni a gida ba. An yi mini gayya, dole in rama, kuma zagayen bai kai rabi ba. Ba na sunkuyawa, ina zaune a kujera ina ɓare tafarnuwa ina nuna wa masu haƙa inda za su sara. Mun binne randar tsohuwa Sol. Gwangsik na son in koya masa shuka da hannu ɗaya in bazara ta yi.

Ƙofar ma ba ta kulluwa tun da 'Yar Jindo ta buɗe ta da ƙafa. Kullum da safe sai wani ya turo kai ya ga ko na mutu, su hana mutum barci. Ranar Lahadi na je na zauna a baya, kusa da inda ake cire takalma. Wa'azin ya yi tsawo.

Ki aiko mini da safar hannu ta roba babba, ba mai ruwan hoda ba.

Zan tsaya nan. Pyo na tsaye a bakin ƙofa da shebur biyu yana ta tari, wai ba ni yake jira ba.

Mahaifinki,
Bong Mangu